Gyaran Bawul ɗin Injin Faskare: Daga Gano Ciwo Zuwa Saiti

Tun da muka fara aiki da injin faskare a gefen Gezawa, muna kai wa masu gidan burodi da masu tsire itace, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawo mini. Wannan ya ce liba, wato hannun da ake ja a sarrafa injin, ta ƙi tsayawa, wancan ya ce mai na tsiyaya ta gindinta, wani kuma ya ce injin na ta kuka amma ya kasa fasa gungumen marke. Kusan duk mai tambayar ya riga ya yanke wa bawul, wato ƙarfen da liba ke jikinsa mai raba wa injin mai, hukuncin mutuwa, kuɗin sabo yake nema. Ni kuwa a cikin waɗanda suka bi ta hannuna, kaɗan ne suka mutu da gaske. Yawanci datti ne ya shiga, ko roba ta ƙone, ko wani ya ɗaure notin da bai kamata ya taɓa ba.

Bayanin nan na injin faskare mai liba ɗaya ne, ko na kanti ko wanda mai walda ya haɗa da silindar tifa. Mai tirelar tarakta da mai injin bulo ma za su tsinci nasu a ciki, don bawul ɗin 'yan gida ɗaya ne.

1. Tabbatar bawul ne mai laifin

Duba jikinsa tukuna. Ƙofofi huɗu gare shi. Wadda aka rubuta wa P ko IN, ta nan mai ke shigowa daga famfo. Mai T ko OUT, ta nan yake komawa tanki. A da B su ke zuwa silinda, bututun ƙarfen da mai ke tura sandarsa ta fasa itace. A ciki akwai sandar ƙarfe mai santsi da liba ke turawa gaba da baya. A bayan sandar akwai hula, cikinta sifirin (murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai dannuwa) da 'ya'yan boris (ƙananan ƙwallayen ƙarfe) waɗanda ke kama liba idan silinda na komawa, su sake ta idan ta kai ƙarshe. Wannan ita zan riƙa kira makama. A gefe kuma akwai rilif, mai sakin mai zuwa tanki idan ƙarfi ya yi yawa.

Ciwo uku galibi na bawul ne: mai na fita ta gaban sanda ko ta hula, liba ta ƙi kamawa ko ta ƙi saki, ko ta yi tauri sai an sa ƙarfi. Na huɗun, wato rashin ƙarfin faskare, shi ne mai ruɗi, don famfo da silinda ma suna kawo shi.

Fara da na arha. Akwai mai a tanki? Yana kumfa, ko ya yi fari kamar kunun gyaɗa? Kumfa iska ce famfo ke zuƙa ta tiyon da ke tsakaninsa da tanki, farin kuwa ruwa ne. Leƙa mahaɗin da ke tsakanin inji da famfo. Robar tsakiyarsa kan cinye, ko ɗan makullin shaf ya karye, inji ya yi ta juyi famfo na tsaye.

Sai gwajin silinda. Tura ta har ƙarshe, kashe inji, kaɗa liba gaba da baya, ka kwance tiyon da ke kan silinda ta ɓangaren da sandarta ke fitowa. Toshe bakin tiyon da noti mai rufi, ka bar ƙofar silindar a buɗe, ka tara bokiti. Tayar da inji, danna liba gaba na daƙiƙa biyar. Idan mai ya riƙa kwarara ta ƙofar nan, robar fistin ce ta mutu, ka bar bawul ya huta. Idan ɗigo ne kawai ko babu komai, silinda lafiya take.

Gargaɗi a nan: gaba kaɗai za ka danna. Idan ka ja baya alhali tiyon na toshe, ƙarfin duka a kansa zai sauka.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Sifana biyu masu girman notin tiyo, alanki, sukudireba, filayar cire kilif, farantin tangaran ko na silba mai tsabta, kananzir ko man dizal na wanki, buroshin haƙori, ledoji sababbi da robar ɗaure kuɗi, tsinken tsire, fenti ko tef mai launi, da wayarka don hoto.

Zoben roba, mai hana mai tsiyaya, shi ne mafi arha a aikin nan, bai kai kuɗin abincin rana ba. Ka ɗauki tsohon zoben ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko wajen masu kayan tarakta a gwada maka, don akwai na inci akwai na milimita, ido ba ya raba su amma mai na raba su. Ka sayi biyu-biyu. Inda aljihu zai ji jiki shi ne mai, domin tankin ƙaramin inji kan ci kusan jarka mai lita 20 ko fiye. A zafin Kano da Jigawa, man haidirolik mai lamba 46 ko 68 ake so. Ni 68 nake zubawa saboda bazara. Kada ka yarda da baƙin man da aka juye daga mota, kada kuma ka kusantar da man birki, yana kumbura robobin har su ruɓe.

Abu ɗaya da mutane ke ƙyashin saya shi ne geji, wato agogon auna ƙarfin mai, mai kaiwa PSI 5,000 ko bar 350 (PSI da bar ma'aunan ƙarfin ne), da mahaɗi mai baki uku da za a ɗaura shi a layin P. Kuɗinsa bai kai na sabon bawul ba, bai kai na famfo ba, kuma in babu shi duk saitin da za ka yi lalube ne cikin duhu. In ba ka da hali, ku haɗa kuɗi ku uku ku saya, ko ka ara wajen bakaniken tarakta.

3. Kashe ƙarfi, wanke waje

Mayar da silinda ciki gaba ɗaya don yawancin mai ya koma tanki. Kashe inji, zare wayar fulogi. In na lantarki ne, cire shi daga wuta. Kaɗa liba gaba da baya sau biyar ko shida har ka ji ta yi sakwaf. Bar mai ya huce, don bayan aikin wuni yana ƙona fata.

Yanzu wanke bawul da bakin tiyoyi da kananzir da buroshi kafin ka kwance ko noti ɗaya. Garin itace da ƙurar da suka manne a jiki, da zarar ka buɗe, ciki za su faɗa. Ɗauki hoto ta kowane gefe, ka shafa wa kowane tiyo da ƙofarsa fenti launi ɗaya.

Kada ka yi aikin nan a fili ranar da hunturu ke busawa. Shiga ɗaki, yayyafa ruwa a ƙasa, ka aza farantinka a kan tebur ko benci. Tazarar da ke tsakanin sandar ciki da gidanta ba ta kai kaurin silin gashi ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana mata layin da ba ya gyaruwa.

4. Sauke bawul

Sifana ɗaya ta riƙe mahaɗin da ke jikin bawul, ɗaya ta kwance notin tiyo. In ka yi da guda, tiyon zai murɗe ya ji rauni a ciki inda ba ka gani. Sassauta a hankali, ka bari ragowar mai ya sauka a bokiti. Duk tiyon da ka cire, sa masa leda ka ɗaure, ka ɗaga bakinsa sama da tanki don kada mai ya yi ta zuba. Ban da cusa tsumma ko auduga, zarensu na bin mai ya je ya maƙale a rilif.

Kafin ka ƙarasa kwance notocin da suka riƙe shi a jikin inji, yi wannan ɗan gwajin idan ciwonka taurin liba ne: sassauta su rabin juyi, ka kaɗa liba. In ta yi laushi nan take, ba cikin bawul matsalar take ba. Farantin ƙarfen da aka aza shi a kai ne ya karkace wajen walda, ɗaurin noti ya lanƙwasa jikin bawul har ya matse sanda. Na ga wannan sau da dama a injinan da ake haɗawa a gida. Maganinsa a daidaita farantin, ko a sa washa a ƙarƙashin ƙafar da ba ta zauna ba.

5. Hula da makama

Nan ne aikin ke buƙatar natsuwa. Idan akwai ƙusar saiti a bayan hula, sassauta notin da ya kulle ta, ka kwance ta kana ƙirga juyi, ka rubuta adadin. Sannan ka zura ƙarshen bawul ɗin cikin babbar leda mai haske, hannuwanka a ciki, ka kwance hular a hankali.

Dalilin ledar: sifirin na danne da 'ya'yan boris, da hula ta zame sai su tarwatse. Ranar farko da na buɗe namu ban san haka ba. Ɗan yayata da ke riƙe mini fitila ya ce, "Kawu, wani abu ya yi tsalle." Ƙwaya ɗaya ce ta faɗa yashi, ba ta fi ƙwayar dawa girma sosai ba. Muka tankaɗe yashin da rariya, muka bi da maganaɗisun tsohuwar sifika, ba mu same ta ba sai bayan la'asar, injin ya kwana bai yi aiki ba alhali mai burodi na jiran itace.

Jera kayan a faranti yadda suka fito, daga hagu zuwa dama, ka ɗauki hoto. Abin da za ka duba:

Tsatsa. Injin da ke kwana a waje da damina, ruwa na shiga hula ya zauna, boris da sifirin su daskare. Shi ne babban dalilin da liba ke ƙin kamawa ko ƙin komawa tsakiya. Jiƙa su a dizal, goge da buroshi.

'Ya'yan boris. In sun yi gefe ko sun yi rami, canza su duka da masu girman daidai. Mai gyaran keke ko babur kan samu irinsu, amma a auna, kada a ƙiyasta.

Zoben ƙarfen da suke faɗawa cikin kwarinsa. In bakin kwarin ya cinye ya zama gangare, makama ba za ta ƙara riƙewa da kyau ba, ko ka ɗaure ƙusa har ƙarshe. Sai canji.

Sifirin. Karyayye ko wanda ya gajarce, a nemo irinsa. Kada ka ja shi da filaya don ya ƙara tsawo, kwana biyu zai koma.

Duba kuma ƙusar da ta ɗaure wannan tarkacen a gindin sanda. Takan kwance da kanta saboda girgiza, liba ta riƙa lilo ba ta komawa tsakiya. Ɗaure ta kawai na iya zama gyaran gaba ɗaya.

6. Sandar ciki da robobi

Cire fil ɗin liba, ka lura da gefen da sanda ke kallo, ka zare ta da hannu kana ɗan juya ta. In ta ƙi, jiƙa ta da dizal ka jira. Ban da guduma, ban da kama jikinta mai santsi da filaya.

Wanke ta, ka bi jikinta da farce. Layin da ido ke gani amma farce ba ya kamawa, ba komai. Ɗan tsini a baki kuwa, a shafe shi da samfefa mafi laushi, mai lamba 1,000 ko sama, a jiƙe da mai, wurin kaɗai. Kada ka goge sandar duka don ta yi ƙyalli. Babu roba tsakanin ƙofofin ciki, matsewar ƙarfe da ƙarfe ce ke tare mai, duk abin da ka rage ka buɗe masa hanya ke nan. Saboda haka ne ma ba a ɗauko sandar wani bawul a sa wa wani, kowace da gidanta aka yi ta. In farce na faɗawa rami mai tsawo a sanda ko a cikin gidan, tsallaka zuwa mataki na 10.

Robobin biyu ne galibi, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne a cikin kwarinsa. Ciro su da tsinken tsire. Sukudireba ko allura na ƙarce kwarin, sabon roba ya ci gaba da yoyo.

Wajen mayarwa ga dabarar da ke hana yankewa. Shafa wa sanda mai, ka zura ta ba tare da roba ba. Tura ta baya daidai yadda kwarin gaba zai bayyana, sa robar gaba a jiƙe da mai, ka tabbatar ba ta murɗe ba. Sai ka turo sandar gaba daidai yadda kwarin baya zai bayyana, ka sa ta baya, ka mayar da sanda tsakiya. Ta haka bakunan sandar masu kaifi ba za su bi ta kan roba ba. Mayar da kayan hula bisa hotonka, ɗan giris zai riƙe maka 'ya'yan boris a ramukansu.

In ka canza roba ta sake fashewa cikin mako, ba robar ba ce. Mai ne ke rasa hanyar komawa tanki: filta ta toshe, ko tiyon T ya yi ƙanƙanta ko ya lanƙwashe, ko an juya P da T wajen ɗauri.

7. Rilif

Cire murfinsa, sassauta notin kulli, kwance ƙusar kana ƙirga juyi kamar ɗazu. Sifirin zai fito, sai ƙwallo ko ɗan ƙarfe mai tsini. Haska mazauninsa da fitila. Abin da na fi tsinta a wurin shi ne guntun farin tef na masu famfo, ko ɓarɓashin roba daga cikin tsohon tiyo. Ɗan wannan ya isa ya hana ƙwallon zama, mai ya riƙa sulalewa tanki, injin ya rasa ƙarfi, man kuma ya yi zafi. Wanke, hura da famfon keke, mayar da komai da adadin juyin da ka rubuta, sannan ka rage juyi ɗaya. Gara ka fara daga ƙasa ka hau.

Kada ka ƙara washa a bayan sifirin ɗin. Wani dattijo mai sayar da itace daga wajen Ringim ya kawo mini nasa, tiyo ya fashe, ƙarfen da ke tare gungume ya lanƙwashe. Na ce, "Baba, wa ya taɓa notin nan?" Ya ce, "Ni ne, yaro. Na ga ba ya cin kirya, na ɗaure shi har ya tsaya." Rilif ɗin da aka ɗaure har ƙarshe ya daina aiki, ƙarfin sai ya nemi inda ya fi rauni ya fita. Allah ya kiyaye, jikansa da ke aza itace ya matsa gefe a lokacin.

8. Mayarwa da fitar da iska

Ɗaura bawul, notocin ƙafa a bi su bi-da-bi, ana gwada liba. Mahaɗi mai haƙora masu tsukewa shi kaɗai ke son tef, ka bar haƙora biyu na farko tsirara don kada guntu ya shiga ciki. Mai roba ko mai baki kamar mazurari ba ya son tef ko kaɗan. Kada ka hau sifana da ƙafa, jikin bawul ƙarfen zubi ne, yana tsagewa, kuma walda ba ta gyara shi.

Canza filta, wanke rariyar da ke cikin tanki. In man ya yi fari ko yana warin ƙuna, juye shi, ka wanke tankin. Mayar da gyararren bawul kan ruɓaɓɓen mai asarar wuni ce. Cika tanki silinda na ciki, tayar da inji a ƙaramin gudu, ka kai silinda ka dawo da ita sau goma ba itace. Za ta yi ta fizga da farko, iska ce ke fita. Kashe, duba mai, ƙara.

Neman yoyo da kwali ake yi, ba da hannu ba. Man da ke fita ta ƙaramin huji yana huda fata kamar allura, wurin ya yi kamar cizon sauro, amma a ciki yana kashe nama. Duk wanda hakan ta same shi a kai shi babban asibiti a ranar, a gaya wa likita man inji ne ya shiga da ƙarfi, don aikin tiyata ne. Kada a tsaya shafa magani a gida ko jiran gobe.

9. Saiti da geji

Bari mai ya yi ɗumi tukuna. Tura silinda har ƙarshe, riƙe liba daƙiƙa uku, karanta geji, saki. Yawancin ƙananan injinan nan tsakanin PSI 2,000 da 3,000 suke aiki, wato bar 140 zuwa 210. In akwai lamba a jikin injinka, ita za ka bi. In na haɗi ne, duba abin da aka rubuta a jikin tiyo, famfo, silinda da bawul, ka tsaya ƙasa da mafi ƙanƙanta. Ɗaure ƙusa na ƙara ƙarfi, sassautawa na ragewa. Kwatan juyi, gwaji, kwatan juyi, gwaji. In ka kai, kulle noti ka sake dubawa.

Don ka san abin da ke hannunka: silinda mai faɗin inci 4 a kan PSI 2,500 tana tura kimanin tan 14. Wannan ya ishi darbejiya da marke. Kirya mai ƙulli in ta gagara, juya gungumen ka ci shi ta gefe, ba noti za ka koma wa ba.

In kana ɗaurewa geji ya ƙi wuce PSI 700 ko 900, dakata, ka mayar da ƙusa inda take. Famfunan faskare da yawa hawa biyu gare su, na gudu da na ƙarfi, wannan alama ce na ƙarfin ya gaza. In kuma inji ke mutuwa kafin geji ya kai, ko rilif ya yi sama da ƙarfin injin, ko famfon ba ya sauya hawa.

Sai makama. Ja liba baya ka sake ta. Ya kamata ta riƙe har silinda ta shige, sannan ta yi tsalle ta koma tsakiya da kanta. In tana saki a hanya, ɗaure ƙusar hula kwatan juyi. In ta kai ƙarshe ta ƙi saki inji na nishi, sassauta. Dole ƙarfin sakin makama ya zauna ƙasa da na rilif sosai, in ba haka ba rilif zai riga buɗewa, liba ba za ta taɓa saki ba. Da sanyin safiyar hunturu mai kan yi kauri ya sa ta saki da wuri. Ba saiti ne ya lalace ba, bar inji ya yi minti goma.

Makama ta komawa baya ce kaɗai. Kada ka juya tiyoyi don ta riƙe wajen tafiya gaba, kada ka ɗaure liba da igiya ko roba don sauri. Mai aza itace shi ne zai riƙe liba, mutum ɗaya, don hannun da ke kan gungume da wanda ke kan liba su zama na kai ɗaya.

10. In sai an saya

Jiki ya tsage, sanda ta yi rami mai zurfi, ko ta lanƙwashe: nan gyara ya ƙare. Tafi kasuwa da tsohon a hannu. Abu na farko, hura iska ta ƙofar P liba na tsakiya. Dole ta fita ta T ba tare da tsaiko ba. Wanda ya toshe a tsakiya na wani irin famfo ne, in ka ɗaura shi a kan naka mai ba shi da mafita sai ta rilif, tanki ya yi zafi cikin mintuna. Na biyu, litar da yake ɗauka a minti ta kai ta famfonka ko ta fi. Na uku, ya zo da rilif a jikinsa. Na huɗu, haƙoran ƙofofi: akwai tsarin Amurka akwai na Ingila, suna kama juna juyi biyu sannan su cije, don haka gwada mahaɗinka da hannu a gaban mai shago, ya shiga sumul. In na hannu ne, kaɗa liba ka ji ta koma tsakiya da kanta, ka leƙa ƙofofin da fitilar waya, kuma ko sabo ne fil daga kwali sai ka ɗaura geji ka duba rilif ɗinsa kafin gungumen farko ya hau.